ADANA TUFAFI A GIDAN BAHAUSHE: DAGA ADUDU ZUWA KABAD

1.0 Gabatarwa

Manazarta al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan tufafi, watau ire-irensu da sunayensu da kuma sana'o'in da ke samar da su, kamar saƙa da rini da ɗinki da bugu. Sai dai ba a cika mai da hankali ga makomar tufa ba bayan ta bar hannun maɗinki ta shiga gida: ina ake ajiye ta, yaya ake ninke ta, wa ke riƙe da makullinta, kuma da wace dabara ake tsare ta daga lalacewa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba wannan fanni. Za a fara da matsayin tufafi a wurin Bahaushe, sa'an nan a kawo ma'ajiyan gargajiya da waɗanda suka shigo daga baya, da yadda ake kasafta kaya a jera su, da abubuwan da ke yi musu ɓarna tare da magungunansu. Daga ƙarshe za a dubi akwatin tufafi ta fuskar zamantakewa.

2.0 Matsayin Tufafi a Wurin Bahaushe

Kafin a gane dalilin da ya sa Bahaushe yake wahalar da kansa wajen adana tufa, sai an san darajarta a wurinsa. Da farko dai sutura ce. Wannan kalma daga Larabci aka aro ta, kuma asalin ma'anarta rufewa, shi ya sa take tafiya kafaɗa da kafaɗa da abin da ake kira rufin asiri. Masu iya magana sun ce, da tsirara gara baƙin bante, sun kuma ce zanen aro ba ya rufe katara. Karin maganar nan biyu suna nuna cewa mutum ya mallaki tufarsa, kome ƙanƙantarta, ya fi masa mutunci bisa ga ya dogara da ta wani.

Na biyu kuma, tufa dukiya ce. A zamanin da, kafin riga ɗaya ta kai ga wuyan mai ita, sai an noma auduga, an gurje, an kaɗa zare, an saƙa ƙyallaye sirara, an harhaɗa su, an rina, an yi aikin allura, sa'an nan a kai wa masu bugu. Aikin aska takwas kawai yakan ci watanni a hannun maɗinki. Saboda haka talaka yakan shekara da shekaru da rigar fita guda ɗaya tak. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a shekarar 1851, ya bayyana cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu, ya kuma ƙiyasta kuɗin abin da ake fitarwa waje a kan wuri miliyan 300 aƙalla a shekara. A Barno ma ƙyallayen saƙi da ake kira gabaga sun taɓa zama kuɗin ciniki. Abin da ke da irin wannan daraja kuwa ba a yasar da shi a gefen gado.

Na uku, tufa shaida ce ta matsayi. Alkyabba da rawani suna nuna sarauta ko malanta, malum-malum da girke suna nuna wadata, turamen da mace ta tara kuma suna nuna gatan da take da shi a gidan ubanta da na mijinta. Wanda ya fito taron suna da riga mai tabon danshi ko hudar asu, ya zubar da girmansa da na iyalinsa, domin mutane za su ce ba shi da mai kula da shi.

3.0 Ma'ajiyan Gargajiya

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe ya dogara ne da abin da ƙasarsa ta ba shi, watau kaba da ciyawa da duma da yumɓu da fata.

3.1 Lefe. Wannan ɗan kwando ne da ake saƙawa da kaba. Mata sukan zuba audugar kaɗi a ciki, sukan kuma ajiye ƙananan tufafi. A cikinsa ne dangin ango suke shirya zannuwa da sauran kayan ado su kai gidan amarya. Da tafiya ta yi tafiya sai sunan mazubin ya koma kan abin da ke cikinsa. A yau idan aka ce an kai lefe, ba wanda zai sa ran ganin kwandon kaba. Akwatuna ne jere, saiti guda ko biyu, amma sunan yana nan daram. Wannan kyakkyawan misali ne na yadda kalma takan rayu bayan abin da aka raɗa wa ita ya ɓace.

3.2 Adudu. Shi ne babban ma'ajin tufafi na da. Kwando ne mai zurfi da murfi, wanda ake saƙa shi da ƙarfi, wani lokaci kuma dukawa su lulluɓe shi da jemammiyar fata don ƙarin ƙarko da ado. Amfaninsa biyu ne. Ba shi da nauyi, don haka idan gobara ta tashi ko aka yi hijira, mace ɗaya tana iya ɗaukarsa a ka. Sa'an nan iska tana ratsa saƙarsa, saboda haka tufa ba ta gumi a ciki. Aibinsa shi ne ba ya hana ɓera, ba ya hana gara, ba ya kuma ɗaukar kwaɗo.

3.3 Ƙwarya da tukunya. Babbar ƙwarya da aka rufe da faifai takan ɗauki kallabi da tsakiya da murjani da sauran tarkacen ado, a ɗora ta a ragaya ta yi lilo nesa da ƙasa. Wasu kuma sukan keɓe sabuwar tukunya wadda ba ta taɓa ganin ruwa ba, su ninke zane mai tsada su saka, su rufe bakinta sosai. Hikimar wannan ita ce haƙorin ɓera ba ya huda gasasshen yumɓu, kuma ko da wuta ta ci jinkar ɗaki, akan tarar da abin da ke cikin tukunya da sauran amfani.

3.4 Jakunkunan fata. Waɗannan na matafiya ne. Fatake sukan cusa tufafi a burgame ko taiki, su ɗaure a kan jaki ko raƙumi. Wanda bai da ko ɗaya sai ya yi ƙunshi, watau ya shimfiɗa tsohon gwado ya jera kayansa ya ɗaure kusurwa huɗu.

3.5 Igiya da maratayi. Kayan da ake sawa kullum ba a wahalar da su da ninki. Akan ɗaura igiya daga bango zuwa bango a bayan gado, ko a kafa ɗan turke a jikin bango tun ginin yana ɗanye, a riƙa rataya riga da wando. Har yanzu wannan dabara tana nan a ƙauye da birni, illa dai ƙusa ta maye gurbin turke.

4.0 Ma'ajiyan da Suka Shigo Daga Baya

Sunayen waɗannan kaya kansu sun isa su ba da tarihin hulɗar Bahaushe da maƙwabtansa. Sanduƙi kalmar Larabci ce, ta biyo malamai da fataken Sahara. Adaka tana nan a harshen Asante da ma'anar akwati, kuma an san daɗewar Hausawa suna fataucin goro zuwa Gwanja. Akwati daga Yarabanci take. Fantimoti da kabad da durowa kuwa daga Turanci aka aro su. Ke nan Gabas da Yamma da Kudu duk sun sa hannu a ɗakin Bahaushiya.

Isowar jirgin ƙasa Kano a shekarar 1911 ta kawo babban sauyi. Cinikin gyaɗa ya sa kuɗi a hannun manoma, kantunan Turawa da na Kwara suka cika da akoko da alawayyo da atamfa, tufa ta yi sauƙin samu fiye da da. Da aka buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna a shekarar 1957, wasu kuma suka biyo baya a Kaduna da Kano, sai yadi ya ƙara yawaita. Adudu ɗaya ya kasa ɗaukar kayan mace ɗaya, aka koma ga akwatin katako da na ƙarfe. Maƙeran farfaru da na kwano suka shiga ƙera akwatuna masu fentin furanni da wurin maƙala kwaɗo. Kwaɗon nan kuwa shi ne babban abin da akwati ya fi adudu da shi.

A cikin wannan zamani ne kwanukan jere suka cika ɗakunan amare. Duk da cewa don ado da tara dukiya ake sayensu, manyan cikinsu, kamar kwalla da fanteka, sun zama ma'ajiyan zannuwa, domin suna da murfi, ɓera kuma ba ya iya musu. Bayan rahoton Udoji na shekarar 1974, lokacin da albashin ma'aikata ya tashi kuma kuɗin man fetur ya yawaita, kabad mai gilashi da babban sif mai madubi suka zama dole a kayan ɗakin 'yar birni. Daga baya aka sami wata jaka ta roba mai zanen murabba'ai wadda ake kira Gana-mas-go. Ta samo sunanta ne daga korar baƙin da ba su da takardun zama da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi a shekarar 1983, waɗanda yawancinsu mutanen Gana ne, kuma a irin wannan jaka suka kwashe kayansu. Arharta ta sa ta zama adudun talakan yau.

5.0 Kasafta Tufafi da Jera Su

Matar da ta san abin da take yi ba ta tara kayanta wuri ɗaya. Akan kasa tufafi gida huɗu, gwargwadon yawan fitowarsu.

Kashi na farko su ne kayan yau da kullum, watau na zaman gida da na girki da na gona ko kasuwa. Waɗannan a igiya suke kwana, ko a kwando kusa da ƙofa. Kashi na biyu su ne kayan fita, kamar rigar Juma'a da zanen unguwa da mayafi. Su ne ke saman akwati inda hannu zai kai ba tare da an birkita sauran ba. Kashi na uku su ne kayan salla da na biki, waɗanda ba su fi fitowa sau biyu ko uku a shekara ba. Wurinsu tsakiyar akwati. Kashi na huɗu su ne kayan ajiya, watau turamen da ba a yanka ba, da zanen da aka gada daga uwa ko kaka, da duk abin da ake tanadi don aurar da 'ya. Su ne ake kira kayan ƙasan adaka. Idan aka ga mace ta fito da na ƙasan adaka, to, bikin nan ba ƙarami ba ne.

Bayan wannan kuma akwai ƙa'idojin da kowace uwa take koya wa 'yarta. Ba a haɗa wankakke da wanda aka sa, ko da sau ɗaya ne, domin gumi da maiƙon abinci su ne ke kiran ƙwari. Ba a haɗa fari da rinanne, musamman baƙin turkuɗi da rawani ɗan Kura, domin shunin da aka buga a jikinsu yana zuba. Don haka ne ma masu sayar da su suke naɗe su a takarda, kuma a cikin takardar ya kamata su zauna. Ba a cuɗa kayan manya da na yara, ba a kuma ɗora takalmi a kan tufa. Tufar da ake salla da ita akan ware ta daga duk inda najasar yara za ta iya kaiwa.

Ninki shi ma ilmi ne. Babbar riga akan ninke ta ne a tsaye, a mai da hannuwa ciki, a karya ta yadda aikin gaba zai kwanta a tsakiya, don kada ya gogu da jikin akwati zaren ya tashi. Rigar da ta fito daga wurin masu bugu tana zuwa da ninkinta da ƙyallinta, kuma mai hankali ba ya warware ta sai ranar sawa, ya kuma bi karin farko idan zai mayar. Amma tufar da za ta daɗe a ajiye, gara a riƙa sauya mata kari lokaci lokaci, domin zare yakan raunana a inda ya daɗe a karye, har wata rana a buɗe a ga ta tsage a kan layin ninkin. Hula ba a danne ta da nauyi. Masu wankin hula suna ɗora ta a kan kututturen icce da aka sassaƙa daidai kai, su sa mata sitaci ta bushe a tsaye. A gida kuwa akan zura wata cikin wata a ɗora a saman kaya, ko a keɓe musu kwali. Zane da kallabinsa da rigarsa tare ake ninke su, don kada ranar fita a tsaya neman ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6.0 Abubuwan da ke Ɓata Tufafi da Magungunansu

6.1 Danshi. Damina, musamman lokacin marka a watan Agusta, ita ce babbar jarrabawar akwati. Idan laimar iska ta haura kamar kashi 70 cikin ɗari ta kuma daɗe a haka, fumfuna takan tsiro a jikin yadi, ta bar baƙaƙen ɗigo da wari, waɗanda sau da yawa sabulu ba ya fitar da su. Akwatin ƙarfe ya fi shiga wannan hatsari, domin yakan yi gumi daga ciki ya kuma yi tsatsa, tsatsar ta kama farar tufa. Maganin da aka gada shi ne a ɗaga akwati daga ƙasa a kan duwatsu ko bulo, a janye shi daga jikin bango, a shimfiɗa tsohon zane ko takarda a gindinsa, kada kuma a kuskura a ninke tufar da ba ta gama bushewa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka tun bazara ake duba rufi a kau da kaya daga inda ɗigo yake sauka.

6.2 Ƙura da rana. Da hunturu iska takan bushe ƙwarai, danshi ya kau, amma ƙura ta shiga ko'ina, har cikin kabad ta kafar ƙofa. Kayan da ke rataye akan lulluɓe su da tsohon mayafi. Rana kuma, ko da yake magani ce, idan ta yi yawa tana kashe launi. Shi ya sa ake juya rinanniyar tufa a shanya ta ta ciki, ko a inuwa mai iska.

6.3 Gara. Abincinta icce da takarda da auduga, kuma a ɓoye take aikinta. Takan biyo ta ƙarƙashin daɓe ko ta cikin bango ta huda gindin akwatin katako, sama lafiya lau, ƙasa kuwa ya zama ƙasa. Ɗaga akwati da motsa shi a kai a kai da share ƙarƙashinsa su ne rigakafi, domin da zarar an ga hanyarta ta jar ƙasa sai a rushe. Tsofaffi sukan barbaɗa toka a inda akwatin yake zaune.

6.4 Asu da kyankyaso da ɓera. Masana ƙwari sun nuna cewa masu huda tufa a cikin akwati iri-iri ne. Akwai tsutsar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi, wadda ta fi son ulu da siliki da gashi, don haka alkyabba da kuftar mulufi da bargo su ne abin harinta. Akwai kuma wani ɗan ƙwaro marar fiffike mai launin azurfa, wanda sitaci yake bi, ya kankare fuskar yadi da takarda. Daga nan za a fahimci cewa sitacin da ke ƙawata shadda ranar salla shi ne ke gayyato ɓarna idan aka ajiye ta da shi wata da watanni. Tufar da za ta daɗe, gara a wanke ta a ajiye ba sitaci. Kyankyaso tabon abinci yake bi, ɓera kuwa tsumma yake nema na sheƙa.

6.5 Shanya da turare. Babban maganin duk waɗannan shi ne fito da kaya a sha iska. Akan yi haka bayan ɗaukewar ruwa da kaka, akan kuma yi idan salla ta gabato. A zazzage akwati, a kakkaɓe shi, a kifa shi a rana, a baza tufafi a igiya ko a tabarma, da la'asar a ninke a mayar. Bayan wannan sai ƙamshi. Mata sukan jefa kanumfari da kajiji da saiwar jema a tsakanin ninki. Sukan kuma zuba turaren wuta a kasko, su kifa kabbasa a kai, su lulluɓa tufa ta sha hayaƙi. Mutanen Barno sun shahara da wannan. Busasshen ganyen darbejiya, bishiyar da aka kawo daga ƙasashen Indiya a farkon ƙarni na 20, shi ma yana korar ƙwari, amma sai ya bushe sosai, in ba haka ba ya bar tabo.

6.6 Kafur. Wannan yana bukatar jan kunne na musamman. Fararen ƙwallayen da ake sayarwa a kasuwa da sunan kafur, yawancinsu wani sinadari ne mai suna naftalin. Yana kashe ƙwari, amma likitoci sun tabbatar da cewa yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini ga wanda aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jiki da ake kira G6PD, wannan ƙaranci kuwa ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga 'ya'ya maza. Jaririn da aka naɗe da zanen da ya daɗe cikin kafur yana iya kamuwa da shawara mai tsanani, wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa ko ta yi kisa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sayar da irin wannan ƙwallo tun shekarar 2008. Abin lura a nan shi ne, kayan jarirai na daga cikin abin da aka fi daɗewa ana tanadi a akwati, tun ciki yana ƙarami, wani lokaci ma na wa ne ake ajiye wa ƙane. Saboda haka wajibi ne a raba kayan goyo da kafur ƙwata-ƙwata, a kuma nisanta shi daga yara masu rarrafe, don kada su ɗauka alewa ce.

7.0 Akwati a Zamantakewar Gida

A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ɗaki da abin da ke cikinsa mallakar mai ɗakin ne, akwati kuwa shi ne cibiyar sirrinta. Makullinsa a haɓar zane yake kwana, ko a zare a wuya. Miji mai mutunci ba ya buɗe akwatin matarsa ba da izninta ba, balle kishiya. Shi kuma nasa kayan a turaka suke. Yawancin husumar da ke tashi a kan ɓatan kallabi ko aron mayafi, rashin kiyaye wannan iyaka ne ke kawo ta.

Akwati kuma shi ne bankin mace. Dalilin da ya sa take barin wasu turame ba ɗinki shi ne, turmi mai yadi 6 da almakashi bai taɓa ba yana riƙe kuɗinsa, wani ma, kamar atamfar Holan, yakan ƙara daraja. Ranar da ciwo ya kama yaro, ko hatsi ya ƙare da damina, ko biki ya taso babu gudummawa, sai a kira dillaliya a asirce ta fita da turmi ɗaya a ƙarƙashin mayafi, ta dawo da kuɗi, maƙwabta ba su sani ba. Namiji ma yakan jinginar da rigarsa idan ta kai masa. Daga nan za a ga cewa turmin da gara ta ci, asarar ta wuce ta ado. Jarin ranar wuya ne ya salwanta.

Daga wannan akwati ne uwa take fara tara wa 'yarta kayan aure tun tana ƙarama, kaɗan kaɗan, don tuwon gobe ake wanke tukunya. Idan mutum ya rasu, tufafinsa suna cikin abin da ake lissafawa a gado, akan yi musu kuɗi a raba, ko magada su yarda a bayar da wasu sadaka. Akwai kuma dattawa, maza da mata, da sukan sayi alawayyon likkafaninsu tun suna da rai, su ninke shi su sa a can ƙasan akwati, su gaya wa wanda suka amince da shi inda yake. Ta haka akwati ɗaya yakan haɗa zanen goyo da kayan amarci da tufar ƙarshe.

8.0 Kammalawa

An ga yadda ma'ajin tufafi ya tashi daga lefe da adudu, ya bi ta akwatin ƙarfe da kwalla, ya iso kabad da jakar roba, an kuma ga cewa kowane sauyi yana tafe da amfaninsa da aibinsa. Matsalar da ta fi damun gidaje a yau ita ce yawa. Yadin waje da gwanjo da ankon biki sun sa tufafi sun fi ƙarfin ɗakunan haya, har ana cusa su a leda a tura ƙarƙashin gado, leda kuwa tana kulle danshi, ba kamar adudu mai numfashi ba. Kabad ɗin da aka yi da matsattsen garin katako shi ma yakan kumbura idan ya sha laima. Ƙa'idojin da kakanni suka bari ba su tsufa ba: a ajiye tufa wankakkiya kuma busasshiya, a ɗaga ta daga ƙasa, a raba fari da rinanne, a jera gwargwadon bukata, a fito da kaya su sha iska aƙalla sau biyu a shekara, abin da aka daina sawa kuma a ba mabukaci tun yana da amfani. Ya kamata kuma ɗaliban Hausa su hanzarta tattara sunayen waɗannan ma'ajiyai da yadda ake yin su daga bakin tsofaffi, domin masu saƙa adudu sun yi ƙaranci, yara da yawa kuma sun tashi ba su taɓa ganinsa ba.